Kira a Kogon Nofa

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da aka ce Sabha ta koma ta kira 'yarta. Ɗan jagora ya tsayar da matan a filin da ke gaban Hazna, babban ginin nan da aka sassaƙa a jikin dutse, ya ƙirga kawuna kafin a shiga Sik, siririn kwararon da ya ratsa duwatsu, a kama hanyar fita, sai ya ga saura mutum ɗaya.

"Wa ya rage?" ya tambaya.

"Wa kuwa in ba Rawan ba," in ji Umm Firas, yayar marigayi mijin Sabha, tana zaune a kan dutse tana murza ƙafa. "Tana can tana yi wa waya murmushi. Sabha, je ki janyo 'yarki don Allah, ƙafafuna sun zama kamar buhun gishiri."

Mata suka yi dariya. Ɗan jagora ya duba agogo ya ce, "Hajiya, ki yi sauri. Da an kira magariba nan wurin ba a ganin tafin hannu, kuma direba ba ya son jira."

Sabha ta kira wayar yarinyar sau biyu, ta ƙi shiga. Duwatsun tsohon birnin Batra haka suke, sai sun ga dama suke barin waya ta yi magana. Ta gyara mayafinta ta juya, ta bi hanyar da suka baro.

Ita fa tun farko ba ta so zuwa ba. Ƙungiyar matan unguwarsu a Zarka ce ta ɗauki mota guda, Rawan kuma ta rubuta sunansu su biyu ba ta yi shawara da kowa ba. Sabha ta kawo maganar gwiwa, ta kawo maganar hawan jini, yarinyar ta ƙi ji.

"Haba yumma," ta ce, "shekara hamsin kina ƙasar nan ba ki taɓa ganin Batra ba? Mutane na tasowa daga ƙarshen duniya su zo, ke kina tsoron zaman mota?"

"To yumma, na ji, za mu je," in ji Sabha, don dai a bar maganar.

A gidajen ƙasarsu haka ake yi. 'Ya ta kira uwa yumma, uwa ma in za ta kira 'yarta ta ce yumma. Ba mai ruɗewa, tunda kowa ya san muryar wanda ke kiransa.

Abin da Rawan ba ta sani ba, kuma Umm Firas ba ta sani ba, shi ne a cikin ɗaya daga kogunan nan aka haifi Sabha. A nan ta yi rarrafe, a nan ta yi kiwon awaki har ta kai shekara goma sha ɗaya, kafin a kwashe mutanen kogo a kai su gidajen bulo a kan tudu. Da wani sojan Zarka ya zo ya aure ta, shi da kansa ya ce mata, "Danginmu suna da baki. Ki ce ke 'yar garin Ma'an ce, mahaifinki mai shago ne ya rasu." Ta ce to. Ta gyara harshenta ya koma irin na birni, ta daina zama a ƙasa, ta daina cin abinci da yatsu biyar in da baƙi. Shekara talatin kenan. Mijin ya rasu ya bar ta da ƙaryar, ita kuma ta ci gaba da ɗawainiyarta kamar marainiya.

Yau da rana ɗan jagora ya shigar da su wani kogo ya haska rufin da fitila. Baƙi ƙirin.

"Wannan baƙin ba na mutanen da ba ne," ya ce. "Hayaƙin girkin mutanen kogo ne. Nan suke kwana, su da awakinsu."

"Mutum da akuya ɗaki ɗaya!" in ji Umm Firas, ta toshe hanci. "To a cikinsu wa ke yi wa wani wari?"

Aka fashe da dariya. Sabha ma ta yi, har ta fi kowa ƙarfi. Rawan ta ɗauke su hoto suna yi.

Yanzu tana tafe ita kaɗai, dariyar na dawo mata a maƙogwaro kamar ƙwarnafi.

Hanyar ta yi shiru. Masu raƙuma sun tafi, masu sayar da tsaraba sun lulluɓe teburansu da buhu sun ɗora duwatsu. Inuwa ta riga ta cinye ƙasan kwarin, can saman duwatsu ne kaɗai ke da sauran ja. Ƙofofin kaburbura suna jere a jikin dutse, baƙaƙe, kowacce a buɗe. Sabha ta ƙi kallonsu. Tana tafe tana leƙa wajen tsohon dandalin kallo mai matakala, ko za ta hango ɗankwali ruwan ɗorawa.

"Rawan!" ta kira.

Dutse ya maido mata da sunan.

A gindin wata bishiyar ɓaure wata tsohuwa tana ɗaure tukunyar shayi da kofuna a bayan jaki. Baƙar riga, haɓa da shuɗin zane irin na matan da. Sabha ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta gyara murya irin ta birni.

"Sannu Inna. Don Allah ko kin ga wata yarinya, doguwa, da ɗankwali ruwan ɗorawa?"

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Ta gama ƙulla igiyarta tukuna.

"Inna kuma? Shekara biyu na ba ki, Sabha 'yar Nofa. Wahala ce ta tsufar da ni, ke kuma sabulu ya riƙe ki."

Sabha ta ƙara jan mayafinta. Ta waiga ko akwai wanda ya ji.

"Kin yi kama da wata ne..."

"Bar wannan. Tun da safe na gane ki, da kika wuce kina tafiya kamar ƙasar za ta ɓata miki takalmi. Ni ce Hamda. Tare muke ɗebo ruwa, ke kike fasa tulu a dake ni."

Sabha ta sauke mayafin daga fuskarta.

"Hamda, 'yata nake nema."

"Na sani. Ta hau can." Ta nuna da haɓa wata siririyar matakala da aka sassaƙa a jikin dutse, wadda ba a bi da baƙi. "Na ce mata, 'yan mata, ba a hawa nan bayan la'asar. Ta ce min uwarta ce ke kiranta."

"Ni ban kira ta ba. Ina can gaba da mutane."

"Na san ba ke ba ce."

Jakin ya kaɗa kunne, kofuna suka yi ƙara. Hamda ta dafa wuyansa.

"Tun da Nofa ta rasu ba mai kiwo a wannan gefen in rana ta karkata. Muna jin kiran. Ba ma amsawa, mun san ba mu ake nema ba."



Maganar uwarta Nofa ita ce wadda Sabha ba ta bari ta zo mata ko a kan sallaya. Tsohuwar ba ta taɓa son gidan bulo ba. Ta ce bango mai kusurwa huɗu yana matse mata numfashi, kullum sai ta sulale ta koma kogonta da 'yan awakinta. Da ciwo ya kama ta, can ta koma ta kwanta. Salem, wan Sabha, ya buga waya shagon maƙwabta har sau uku, ya ce uwarki ta daina cin abinci, ba ta kiran kowa sai ke. Lokacin Sabha na da cikin Rawan wata shida. Umm Firas ta ce ba za a bar mai ciki ta yi doguwar tafiya ita kaɗai ba, in za a je Ma'an ɗin to da ita za a je, dama tana so ta ga surukansu. Sabha ta kwana tana juyi. Da safe ta ce ai an sake kira, jikin da sauƙi. Bayan kwana uku aka binne Nofa. Ta yi kukanta a banɗaki, ta buɗe famfo don kada a ji.

"Hamda," ta ce a hankali, "zo ki raka ni. Don Allah."

"Ni na wanke uwarki, ni na ɗaure mata haɓa. Rakiyar da zan yi wa gidanku na riga na yi ta." Ta ja jakinta taku biyu, ta tsaya ba ta waiwayo ba. "Kin dai tuna dokar. In ba ki ga mai kira ba, kada ki amsa."

Sabha ta nufi matakalar.

Takalmin birni ya zame mata a taki na uku. Ta cire ta riƙe a hannu. Dutsen yana da sauran ɗumin rana. Abin mamaki, ƙafafunta ba su manta ba. Sun san inda takin ya karye, sun san inda ake dafa bango a juya. Gwiwar da take kuka da ita kullum ta yi shiru.

Tana hawa, hasken na raguwa. Iska ta tsaya. Ta ji warin tsohon kashin awaki, da ƙanshin ganyen dutse da ta taka. Can sai wani ƙanshi ya biyo baya. Hayaƙin itacen tsauni, irin wanda uwarta ke hura wuta da shi, mai shiga gashi ya kwana uku.

Ba wanda ya hura wuta a nan shekara ashirin da biyu.

"Yumma."

Daga sama ya zo, a tausashe.

Rawan ce, tana neman uwarta, wataƙila ta faɗi ta gurɗe ƙafa. Ta buɗe baki, na'am ya riga ya hau kan harshenta. Ta cije shi har ta ji gishirin jini.

Ta tsaya ta saurara. Ba komai sai numfashinta.

Ta ƙara hawa.

"Yummaaa."

Wannan karon ta ji sosai. Rawan muryarta siririya ce, tana da ɗan hanci. Wannan kuwa mai kauri ce, tana karyewa a ƙarshe. Ta san ta. Ita take ji in ta sake sauraron saƙon da ta tura wa ɗanta Hazim a waya, har ta ce ashe haka muryata take.

Tun tana yarinya ake cewa ta ɗauko muryar Nofa tas, in ɗaya ta yi kira daga bayan dutse ba a gane wace ce.

To yarinya ta ji muryar uwarta tana ce mata yumma. Me zai hana ta bi?

Sabha ta jefar da takalman ta kama hawa da hannu da ƙafa.

Ga kogon. Rabin katangar da mahaifinta ya gina tana nan. Ga sauran shuɗin fenti a inda ƙyauren yake a da. Ga ƙusar da ake rataye salkar nono.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Wata kalma da ta shekara talatin ba ta faɗa ba ta fito da kanta, wadda ake neman izinin masu wurin da ido ba ya gani.

"Dastur."

Ba a amsa ba.

Ciki duhu ne, sai ɗan hasken da ƙofa ta shigar, shi ma bai wuce murhu ba. Rawan na zaune a ƙasa dab da murhun, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman da ba wanda ya koya mata. Kanta a buɗe. Ɗankwalin a naɗe a kan cinya, wayarta a kife a cikin toka. Idanunta biyu a buɗe, ba ta ƙiftawa.

Ana yi mata kitso.

Ƙanana, a jere, irin na 'yan matan kogo. An gama gefen dama, an gama tsakiya. Sabha tana jin ƙarar mataji yana ratsa gashi, shar, shar.

Hannayen daga duhun baya suke fitowa. Launin toka. Yatsun sun fi na mutum tsawo da gaɓa ɗaya. Daga gwiwar hannu zuwa sama ba a ganin komai.

"Rawan," Sabha ta ce cikin raɗa. "Tashi. Zo."

Yarinyar ta ɗan karkata kai baya, wajen mai kitson.

"Yumma, akwai wata a bakin ƙofa."

"Baƙuwa ce," in ji muryar. "'Yar Ma'an. Zauna daidai."

Rawan ta gyara zama.

Sabha ta ƙura wa duhun ido.

"Ke ba uwata ba ce. Uwata tana kabarinta."

"Ban ce ni ce ba."

Shar. Shar.

"Maƙwabta muke. Kakanninki sun zo sun same mu, suka nemi izini. Muka ba su gaban ɗaki, muka riƙe ƙurya. Ina nan aka haife ki. Kin yi kuka da yawa."

"Me kike so da 'yata?"

"Nan Nofa ta kwanta. Nan inda yarinyar ke zaune. Kwana uku tana kira. Ɗanta na gefenta da kofin ruwa, ba ta dube shi ba. Ƙofa take kallo."

Yatsun suka raba wani sabon layi.

"Da ta tafi, kiran ya rage a ɗaki. Ba a barin kayan maƙwabci a ƙasa. Na ɗauka na adana. Kullum ina fitar da shi in rana ta karkata. Yau an amsa."

"Ba ita aka kira ba."

"Ita ta amsa."

"Ba ta sani ba! Yarinya ce, ta zaci ni ce!"

"Saura kitso ɗaya," in ji muryar. "In na ɗaure bakinsa, ta zama 'yar ɗakin nan."

Yatsun suka fara saƙa. Daga goshi. A hankali.

Sabha ta so ta karanta Ayatul Kursiyyu. Ta nemi farkonta ta rasa. Ayar da take karantawa sau biyar a rana.

"In ba ita aka kira ba, wa aka kira?" in ji muryar.

Kitson ya wuce kunne.

"Ni," Sabha ta ce.

"Ban ji ba. Nofa da ƙarfi ta kira. Har makiyaya suna ji daga ƙasa."

Kitson ya kai wuya.

Rawan ta ƙifta ido sau ɗaya. Hawaye ya gangaro. Tana ji ashe. Duk tana ji.

Saura tsawon yatsa.

Sabha ta buɗe baki, harshen birni ya zube, na dutse ya fito.

"Ni ce! Ni ce Sabha 'yar Nofa! A ɗakin nan aka haife ni, a bakin ƙofar nan aka binne cibiyata! Ni ta kira na ƙi zuwa! Na ji kunyarta na ƙi zuwa! Na'am yumma! Na'am!"

Kwarin gaba ɗaya ya ɗauka. Na'am, na'am, na'am, daga dutse zuwa dutse har ya mutu can nesa.

Matajin ya faɗi ƙasa.

Hannayen suka saki gashin.

"To shigo."

Ta shiga. Ba ta tsaya tunani ba, ta tsallake murhu ta cafki wuyan hannun Rawan. Sanyi kamar an ciro ta daga rijiya. Ta ja. Yarinyar ta yi nauyi kamar an dasa ta.

Wani abu ya taɓa wuyan Sabha ta baya.

Yatsu. Suka zagayo suka haɗu a kan maƙogwaronta.

Ba su shaƙe ta ba. Lalube suke, kamar mai neman allura a cikin tsumma.

Numfashi a bayan kunnenta. Warin toka mai sanyi.

"Na saki na Nofa," aka raɗa mata. "Amma ɗakin nan ya saba da kira. Bar min naki."

Wani abu ya tsinke a maƙogwaronta, ɗis, kamar zare.

Can sama a ƙauyen kan tudu ladan ya ɗaga murya. Allahu akbar. Ayar ta dawo mata gaba ɗaya, ta fara karantawa da ƙarfi tana ja. Rawan ta taso kamar an cire mata ƙusa, suka faɗo waje tare a kan dutse.

Ba ta waiwaya ba. Ta tura yarinyar gaba, suna sauka suna zamewa, gwiwa na kurjewa, farce na karyewa. A bayansu ba a sake kira ba. Shirun ya fi kiran ban tsoro.

A gindin matakala suka tarar da haske. Ɗan jagora ne da fitila, da Umm Firas tana haki, da Hamda a gefe riƙe da jakinta. Ashe ba ta tafi ba. Daga yadda suka tsaya Sabha ta gane dutse ya kawo musu kowace kalma.

Umm Firas ta dubi ƙafafun Sabha babu takalmi, ta dubi kitson da ke kan Rawan.

"Shekara talatin," ta ce daga baya. "Kina kallona ina zagin uwarki kina taya ni dariya."

Hamda ta kama kitson ƙarshe, wanda ba a ɗaure ba, ta warware shi da yatsunta tana bismillah. Ta cire nata mayafin ta rufe wa yarinyar kai.

"Kawunki Salem yana raye," ta ce wa Rawan. "Gida na uku bayan masallaci. In kin tashi, ƙofa a buɗe take." Ta ja jakinta, ko kallon Sabha ba ta yi ba.

A mota ba wanda ya yi waƙa irin ta zuwa. Rawan ta zauna jikin taga ta juya fuska. Sai da suka kusa Zarka ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Kin ce min a asibiti ta rasu, kina riƙe da hannunta."



Sauran kitson sun ƙi warwaruwa, sai almakashi aka sa. Gashi ya sake tsirowa. Rawan ta koma makaranta, tana ci tana sha, tana gaida uwarta da safe kamar kullum. Duk ƙarshen wata takan hau mota ta tafi kudu wajen kawunta, ta dawo da busasshen kindirmo a leda ta ajiye a kicin ba ta ce daga wa ba.

Sai bayan mako biyu da dawowarsu Sabha ta lura kiranta ba ya isa kunnen Rawan. Tana kicin ta ce yumma, miƙo min gishiri. Shiru. Ta kira sunanta. Shiru. Yarinyar kuwa tana tsaye taku uku a bayanta tana wanke kofi. Hazim ya leƙo ya ce Rawan, ta juya nan take. In suna fuskantar juna suna hira, tana jin komai. Amma in dai kira ne, ko daga bakin ƙofa ne, ko a waya, kamar an jefa tsakuwa a rijiya marar ƙasa. Likita ya duba kunnen ya ce lafiya lau. Malam ya yi ruƙiyya sau uku. Sabha ta koyi tashi ta je ta dafa mata kafaɗa.

Wata ranar Laraba da rana jiri ya ɗebe ta a banɗaki, ta faɗi ƙafarta ta lanƙwashe a ƙarƙashinta. Rawan na falo, ƙofa a buɗe, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma biyu ba. Sabha ta kira. Ta sake kira. Ta kira har muryar ta dushe. Tana jin yarinyar tana buɗe shafin littafi, tana kurɓar shayi, tana ajiye kofi. Tana nan kwance a kan tayil mai sanyi, idonta a kan ƙofa, har aka yi la'asar Hazim ya dawo daga aiki ya ɗaga ta.

Da yamma Rawan ta kawo man zaitun da ɗumi, ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafar a cinyarta tana murzawa a hankali, kanta a sunkuye. Hannunta da taushi. Sabha ta daɗe tana kallon tsakiyar kanta. Ta buɗe baki za ta tambaye ta, ba ki ji ba ne, ko kin ji? Sai ta rufe. Ko wacce amsa aka ba ta, ba ta san inda za ta ajiye ta ba.